Farin Fili Tsakanin Taswira Biyu

Tunda ka ce kai da maƙwabcinka kowa ya ji da ƙofar gidansa, ƙanena, bari in ba ka wani misali.

An yi wani dattijon kyaftin na sojan ruwa wanda jirginsa ba na yaƙi ba ne. Aikinsa auna zurfin ruwa da zana taswira, don jirage su san inda za su bi. Wani faffaɗan bakin kogi ne ya raba ƙasarsa da ta maƙwabta, daidai inda kogin ke zuba cikin teku. Al'adar masu awo kuwa, in sun doshi iyaka sai su juya tun da sauran tazara, kada a ce sun zo leƙen asiri. Na tsallake ma haka suke yi. Shi ya sa aka bar farin fili a tsakiya, ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Wata shekara bayan damina, kyaftin ya ga yashi ya taru a gefen taswirarsa, ya miƙe ya shige farin filin nan. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. 'Yarsa tana aure a tsallake, ga ta da cikin fari, kuma ta nan jirgin fasinja zai kawo ta gida goyon ciki in ruwa ya ja baya. Yarinyar nan kuwa yana ji da ita kamar ransa.

Ya yi ta naci wurin manya har suka gaji suka ba shi izini. Ya naɗe taswirarsa, ya sayi goro, ya nufi kyaftin ɗin tsallake, mutumin da suka daɗe suna hangen juna ba ko ɗaga hannu. Abokan aiki na ta tsokanarsa wai zai ba kura ajiyar nama. Da ya shimfiɗa taswirar, mutumin ya ɗauko tasa ya jera kusa da ita. Ashe shi ma ya ga wutsiyar yashin ta gefensa, ya zaci ɗan tudu ne kawai. Sai da aka haɗa biyun suka gane tudu ɗaya ne ya tare hanya gaba ɗaya. Jiragen awon biyu suka shiga farin filin a jere, suka lalubo mashiga mai zurfi ta kudu, suka sa jajayen alamu. Ranar da jirgin fasinja ya taho, ruwa ya janye har yashin ya fito, tsuntsaye na tsaye a kai, daidai inda jirgin ya saba ratsawa. Ya bi alamun ya kewaye lafiya. Yarinya na ta ɗaga wa babanta hannu, ba ta ma san an yi komai ba, shi kuwa tsoho yana ta share ido da hannun riga. Da ta haihu, kyaftin ɗin tsallake ne ya fara zuwa barka.

To ka ji. Tashi ka je ka yi wa maƙwabcinka sallama, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.