Kifi Ya Riga Ka

Yasmin ta shigo Kankia kawo wa gwaggonta alewar sa ranarta, sai ta tarar da ɗan gwaggon, Bishir, ya tasa akwatin gilashinsa na kiwon kifi gaba. Kifayen teku biyu, masu ruwan lemo da ratsin fari, suna iyo kamar ango da amarya.

"Yaya, ba su ne kullum faɗa ba?"

"Da can girmansu ɗaya. Na sauya guda da ƙarami. In babbar ta taso masa sai ya karkace yana kyarma, shi ke nan an shirya."

Ta daɗe tana kallon ƙaramin.

"Tun damina da muka ɓata nake jiran ka ba ni haƙuri."

Bishir ya buɗe baki.

"Bari, Yaya." Ta ajiye masa alewa. "Kifi ya riga ka."