Sifikar Isyaku

"Kai Lawan, kashe gwangwanin nan naka!" in ji Isyaku, maƙwabcina a unguwar Gyadi-Gyadi. Samarin layi suka kwashe da dariya.

Kekena na sayar na sayo sifikar nan, 'yar Ingila, mai akwatin katako. Amma da Isyaku ya ɗora faifai, tasa ta yi ruri har cikin ƙirjina. Tawa kamar kukan sauro.

Zuciya ta ɗebe ni. Na sungumi taɓarya na faɗa ɗakinsa, na maka wa sifikar da ya lulluɓe da zane.

Sai tsingaro ya tarwatse. Ashe 'yar sifikar mota ce ya kifa a bakin randa.

Isyaku ya yi murmushi. "Randar Innarka ce fa. Aro ta ba ni."