Dubiyar Mutanen Sandamu

Hafizu bai ko ɗago kai ba lokacin da mutumin ya ja kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba. A ofishin kamfanin inshorar lafiya da ke Daura, aikin Hafizu shi ne cewa a'a, kuma ya ƙware har yakan faɗe ta kafin a gama amsa sallama.

Sunan baƙon Kalilu, wani siriri mai koɗaɗɗiyar riga, da 'yar auduga manne a gwiwar hannunsa. Ya zo ne a kan Alhaji Mainasara, dillalin hatsi na Sandamu, wanda za a yi wa dashen ƙoda a Kano. Likita ya ce a ba Alhaji ɗaki shi kaɗai, kamfani kuwa ya ce babban ɗakin majinyata ya ishe shi. Hafizu ya ƙare wa baƙon kallo, ya yanke cewa ɗan kore ne, irin masu riƙe wa alhazai waya.

"Malam, mu magani muke biya, ba otal ba."

"Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin mutanen Sandamu sun zo dubiya?"

Bai jira amsa ba. Ya ce bayan dashe ana ba mutum maganin da ke kwantar da garkuwar jiki don kada ta kori sabuwar ƙodar, to a lokacin tarin mutum ɗaya ya isa ya kai shi kushewa. Su kuwa mutanensu motoci suke cikawa. Kowa sai ya yi musafaha da hannu biyu. Tsoho mai tarin shekara da shekaru shi ke zama a bakin gado. Malam ya yi tofi, gwaggo ta ɗura jiƙo, mai mura ya sunkuyo ya tambayi ya jiki. Kuma a garin da ake shari'a, wa ya isa ya hana Musulmi duba ɗan'uwansa a ce ba ya son sunna? Sai dai ƙofa, da nas mai ɗaure fuska a bakinta.

"Ƙodar nan ba a sayo ta a kasuwar Mai'aduwa ba," in ji shi. "In suka kashe ta da gaisuwa, babu wata."

Hafizu ya so ya musa, sai ya tuna yadda gwaggonsa ke zuwa dubiya. Ya sa hannu yana tsaki, karo na farko tun da aka ɗauke shi aiki. Don kada a ce ya sauka gaba ɗaya, ya ƙara da cewa shi mai ba da ƙodar ba ya cikin tsarinsu, babban ɗaki za a kai shi.

"Wannan ai wani wawa ne aka samu a dangi," Kalilu ya ce yana miƙewa. "Ko a baranda aka ajiye shi ba zai ce uffan ba."

Da aka yi aikin, manaja ya tura Hafizu Kano ya gano wa idonsa, tare da gargaɗin cewa in dalilin nan na ƙarya ne, kujerarsa ce za ta biya. Ya leƙa ta gilashin ƙofa, ya ga Alhaji shi kaɗai, ya miƙe ƙafa yana kallon talabijin. A bakin ƙofa ko takalmi ɗaya babu. Zuciyar Hafizu ta hau tafasa. Ashe ɗan kore ne ya yi masa wayo.

Da ya tambayi wata nas ina mutanen Sandamu, sai ta yi dariya har da riƙe bango. Ta ce sun zo tun da hantsi, ita ta kore su. Sai suka ce ba za su ƙona mai tun daga Sandamu su koma babu ladan dubiya ba. Ta nuna masa babban ɗaki da haɓa.

Tarin takalma ne ya fara tare shi, sai warin jiƙo. Jama'a sun yi wa gado ɗaya zobe, wasu a kan katifar, wasu a ƙarƙashi. Wani tsoho yana tari yana jijjiga hannun majinyacin, malam yana tofi, wata gyatuma ta ɗaga bandejin tana duba ɗinki. Hafizu ya kutsa yana neman Kalilu cikin masu dubiyar, don dai ya gaya masa cewa ya yi gaskiya.

A kan gadon ya same shi, da ɗinki a kwiɓi, ana ɗura masa kunu.