Mayafin Zogale

Buhunan rufe shuka sun ƙare, zogalen kuwa yana nan tsaye babu rufi.

Tun da la'asar 'yar tsohon mai lambun ta duba waya ta ce sanyin yau zai daskarar da raɓa a Madina. Tsohon ya lulluɓe tumatir, ya lulluɓe na'ana'a, sai ya zo kan ɗan zogalen da bai wuce gwiwarsa ba. Ƙwaya uku aka kawo masa daga gidan mahaifiyarsa a Damagaram kafin a sare bishiyar, ɗaya ce kaɗai ta tsiro. Idan iska ta kaɗa ganyen, yakan ji kamar ana daka a wani tsakar gida mai nisa, ana kiransa da sunan yarinta.

Ya shiga ɗaki ya fito da farin ƙyalle mai ƙamshin ajiya. Ya kafa sanduna huɗu, ya rufa, ya danne gefen da duwatsu.

Da safe raɓa ta yi fari fat a kan katanga. 'Yar ta same shi a durƙushe, yana ɗaga ƙyallen a hankali kamar mai buɗe fuskar jariri. Ganyen na nan kore shar.

Sai ta gane ƙyallen.

"Abuya, haram. Wannan ai likkafaninka ne, wanda ka wanke da zamzam."

Ya kakkaɓe ƙasar, ya ninke shi.

"Shekara ashirin yana jirana a akwati, bai ɗumama kowa ba. Ajiye shi kusa. An ce gobe ma akwai sanyi."