Wasiƙun Gambo

Tun da aka kafa dokar cewa duk wasiƙar da ta shekara talatin a akwatin imel na kyauta ta zama mallakar kamfani, Malam Tanimu bai samu sukuni ba. Ana saura kwana biyu wa'adin nasa ya cika ya je ofishinsu, aka buga masa wasiƙun matarsa Gambo a takarda, aka goge na cikin akwatin a gaban idonsa.

Gambo ba ta taɓa kama sunansa ba, Malam kawai take ce masa. Amma a wasiƙun zamanin zance ta raɗa masa wani suna da ko 'ya'yansu ba su sani ba.

Yana isa gida ya zauna a tabarma, ya gyara murya. "Zuwa ga Ɗan Alewana..."

Gambo ta rufe fuska da mayafi, tana dariya har da hawaye. "Haba Malam, ka rufa mini asiri mana!"

"Ai na rufa. Yanzu daga ni sai ke."

Ya ci gaba da karatu yana murmushi. Bai gaya mata ba cewa da zai fito daga ofishin, na'urar bakin ƙofa ta ce masa, "Sauka lafiya, Ɗan Alewa."