Na Riga Bishop Zama

Har yanzu ina jin ƙamshin fanishin kujerar nan. Babana kafinta ne a unguwar Moduganari, shi mutanen wani coci suka ba aikin kujerar bishop. Ranar da ya gama, na tambaye shi dalilin shan wahala haka a kan kujera ɗaya.

Ya ce, "Limaminsu ya gaya mini, komai girman coci, in babu kujerar bishop, ba a kiransa katidiral."

Sai ya ɗora ni a kai, ƙafafuna suna reto. "Uwata, jijjiga ta mu gani, kada mu ji kunya." Na jijjiga iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba.

Yau duk na wuce cocin nan sai na ɗaga kai. Aikin babana ne a ciki, kuma na riga bishop zama.