Ɗan Kyaftin da Jirgi Mai Fanka

Jirgin bai gama taɓa ƙasa ba iska ta doke shi a haƙarƙari. Ya kife a filin wasan ƙauye, fankar kansa ta yi ta sarar ƙasa har ta kakkarye. Rabin gari na kallo. Kafin a zaro matuƙin, Laurie, daga ciki, ubansa Kyaftin Pinnock ya riga ya juya baya.

Dama abin ya daɗe yana ci masa rai. 'Ya'yan mutane na kakkaɓo jiragen Jamus, shi nasa an ba shi wani abu marar fiffike, mai fanka a ka, yana reto a sama wai ana gwada na'urar hango jirage da shi. A mashaya maburgi suke kiran jirgin.

Kyaftin kuwa, a ganinsa shi ya riƙe Ingila. Shi ne shugaban dattawan da ke gadin ƙauye da tsofaffin bindigogi. Tun farkon yaƙi ya sa aka tuge allunan hanya, aka shafe sunan gari daga motar burodi, ya ja maƙeri Garrod lungu-lungu har saman coci, duk don Bajamushe ya ruɗe in ya diro da laima. Bajamushe ko ɗaya bai zo ba. Sabon likita ne ya yini yana neman garin.

Masu binciken hatsarin ba su sha wahala ba. Irin wannan jirgi dole ya fuskanci iska in zai sauka, Laurie kuwa gefe ya ba ta. Suka ce in bai kawo dalili ba za a rubuta sakaci, a raba shi da tuƙi har abada. Laurie ya ƙi cewa uffan.

Sai da matar Kyaftin ta daina yi masa magana sannan ya je asibiti wurin Laurie. Ko zama bai yi ba.

"Kai dai ka ji kunya. A filin nan ka koyi tafiya, amma ba ka san ta inda iska ke busowa ba? Ko idon ma sun karɓe?"

"Na duba, Baba."

"Ka duba me? Buɗe baki ka gaya wa mutanen nan, ka daina zubar min da mutunci!"

Laurie ya gyara ƙafarsa da aka ɗaure.

"In na gaya musu, Baba, wurinka za su zo. Zakaran ƙarfen da ke saman coci na duba, yadda ka koya min."

Kyaftin ya laluba kujera. Zakaran nan mai nuna iska bai sake juyawa ba tun ranar da shi da bakinsa ya sa Garrod ya liƙe shi yana kallon gabas, don a yaudari Jamusawa.